Zoben da Ke Cikin Albasa

Ba zan faɗi sunana ba, don yanzu ina da 'ya'ya kuma suna zuwa lakwal, wato makarantar boko. Amma duk wanda ya ci kasuwannin Maraɗi da kewayenta kafin siyasar jam'iyyu ta dawo, zai iya tuna wani siririn saurayi mai jar hula da ke kaɗa ganga a bayan wani tsoho ɗan dabo. Ni ne wannan saurayin. Kafin in zama ɓarawo, aikina sa mutane dariya, kuma har gobe ban yi wata sana'a da na so kamarta ba. Ku matasa da nake gani kuna koyon rufa-ido kuna ɗauka da waya, da ku nake magana.

A unguwar Zariya ta Maraɗi na tashi, lokacin rabinta gonakin gero ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, Inna ce ta riƙe ni da tuyar ƙosai. An sa ni lakwal, kai ya ƙi ɗauka. Mushe, malaminmu, na rubutu a allo, ni kuwa hannuna na ƙarƙashin tebur ina koyon ɓoye dala tsakanin yatsu. Ranar da na fara ganin Baba Arzika a bakin babbar kasuwa, wake Inna ta aike ni in sayo. Na ga tsoho ya ciro ƙwai daga hular wani mahauci, ya ba shi haƙuri wai bai san kansa na saka ba. Na yi dariya har na manta abin da ya kawo ni. Sai la'asar sakaliya na koma gida, ba wake, na sha bulala kuma ban ji haushi ba.

Baba Arzika mutumin Tsibiri ne, Bagobiri, gajere, mai tsaga har kunne da muryar da ba ta buƙatar lasifika. Na bi shi kasuwa-kasuwa har ya gaji da korata. Ya ce shi ba ya ɗaukar ɗan kowa a bayan idon iyayensa. Wata safiya ya taka har ƙofar gidanmu, Inna ta shimfiɗa masa tabarma.

“Uwar yaro, aron ɗanki na zo yi,” in ji shi. “Hannunshi na da kyau, kanshi ne bai zamna wuri guda ba. In kin yarda, in riƙe shi har shi iya sana'a.”

Inna ta ce, “Baba, shi ɗai gare ni. Kuma ni harkar iskoki ce ba ni so.”

Ya zazzage jakarsa a gabanta: ƙoƙuna uku, zare, ƙyallaye, ɗan turmin ƙarfe. “Duba da kyau, ko kin ga aljani? Dabara ce da wahala, ba wani abu ba. Ki tambaya ko'ina, Arzika bai taɓa aron abu ya maido shi ba yadda anka ba shi ba.”

Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, “To, aro na ba ka.”

Na ɗauka washegari za a fara koya mini asiri. Ina! Damina guda na yi ina ɗaukar jaka da share fage. Sai daga baya na gane sharar ma karatu ce. Baba ya koya mini in duba rana kafin in ajiye kaya: ta kasance a bayanka, a idon 'yan kallo. Ka ja da'ira da ƙafarka, ka zaunar da yara a gaba, don babba ba ya jin kunyar tsayawa in ya ga kamar yara ya zo dubawa. Kada ka fara wasa da mutum biyar, kaɗa ganga ka yi ta barkwanci har fage ya rufe. Kada ka faɗi abin da za ka yi kafin ka yi shi, kuma ko sarki ne ya ce a maimaita, ka yi masa wani daban.

Da aka zo koyon hannu, gaban yaran gidansa yake tsayar da ni. Ya ce babba fuskarka yake kallo saboda ladabi, yaro kuwa ba ruwansa, hannunka zai tsura wa ido. Jikokinsa sun ci mini mutunci ba kaɗan ba. Da na ɗaga ƙoƙo sai su yi ihu, “Ga goron can cikin hannunshi!” Baba na kishingiɗe a gindin bishiyar bedi yana dariya har da tari. “Kai, wanga hannu naka ko na ɗan dako?” Sai ya tashi ya gyara mini. “Kana kallon hannun da ke aiki, shi ya sa suke kallonshi. Inda ka sa ido, nan jama'a ka sa nasu. Kuma ka jira dariya. Mutum ba ya dariya da lura a lokaci guda.”

Akwai wani abu da ya fi tsananta a kai. Wanda ka kira cikin fage baƙonka ne, kada ka mai da shi abin dariya. In dole a yi wa wani dariya, kai ne wawan. Na sha ganin ya yi kamar wasa ya ɓaci masa, ya dafe kai yana salati, jama'a na tausayinsa, sai can abin ya fito daga aljihun wanda ya fi kowa yi masa dariya.

Allah sarki waɗancan kwanaki. Mu tashi da sassafe daga Tsibiri a kan kekensa, ni a baya da ganga a wuya, mu ratsa gulbi muna gaisawa da masu kai itace. Mu yi wasa a Maraɗi, wata rana a Jiratawa tsakanin buhunan albasa da tumatir. Mata su ba mu fura, mahauta su ba mu tsire, yara su raka mu har bayan gari suna kwaikwayon taken gangarmu. Ba mu da komai, amma ban san ranar da muka kwana da yunwa ba. Ranar da ya ɗora mini jar hula irin tasa ya ce in shiga fage ni kaɗai, na ji daɗin da ban ƙara jin irinsa ba.

Babban wasansa, wanda ake rufe fage da shi, shi ne na zobe. Zai ɗaga murya ya ce, “Wa za shi ara mini zobe?” Nan take hannuwa su tashi, har rige-rige ake. Ya karɓa, ya nuna wa kowa, ya jefa a ɗan turmi ya daka har ya baje. Mai zobe ya yi ta zare ido, Baba na ba shi haƙuri wai hannu ne ya zame. Can sai ya sa a ɗauko albasa, ya miƙa wa mai zoben wuƙa ya ce ya yanka da kansa. Zobe ya faɗo lafiya lau, yana warin albasa. Ba zan ɓoye muku sirrin ba: wanda aka daka na tagulla ne, namu. Na gaskiyar tun a gaisuwa ya bar hannun Baba ya zo nawa, ni na cusa shi ta gindin albasar da muka riga muka huda.

Da mai zobe ya mayar a yatsa, Baba zai tambaye shi, “Naka ne?” Sai ya amsa da ƙarfi kowa ya ji, sannan in sauke ganga. Baba ya buɗe tafukansa biyu, ya juya ya nuna wa kowane ɓangare, ya ce, “Jama'a, wasa ne. Babu tsafi, babu iska, kowa shi tahi da abinshi.” Wannan ce dokarsa. Ganga ba ta yin shiru sai aro ya koma hannun mai shi. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake tona wa kansa asiri, alhali da ya yi shiru an fi jin tsoronsa. Ya ce, “Mu 'yan dabo ƙarya muke saidawa, amma da yardar mai saye. Ranar da ka yi ta ba da yardarshi ba, sunanka ya sake.”

Sai zamani ya juya. Jam'iyyu suka cika gari, kowace kusurwa tuta da lasifika. Ma'aikata na wata da watanni ba albashi, lakwal a rufe, yau yajin aiki gobe zanga-zanga. Fage na cika kamar da, amma in an zagaya da ƙwarya sai addu'a. 'Yan siyasa suka fara neman masu tara jama'a kafin mitin. Baba ya ƙi, ya ce fagensa na kowa ne. Ni na karɓa. Muka rabu ba faɗa, ya ba ni ganga da ɗan turmi, ya sa mini albarka. Na ci gaba da kaɗa takensa, ina kiran kaina ɗan Arzika, don sunan ne ke sa a miƙo zobe ba tare da tunani ba.

Da ƙanƙanin abu na fara. Na daina cewa wasa ne, don na lura in na yi shiru ana ce mini ranka shi daɗe. Wata rana wani ya ara mini ɗan canji ya manta bai karɓa ba, na sauke ganga ina sane. Na jira ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba. Na sayi sigari na ce ai shi ya manta.

Akwai wani maƙerin fari da muke sayen zobban tagulla a wurinsa, Ɗan Baƙo. Bayan an karya darajar kuɗinmu na sefa, kaya suka ninka, zinariya ta yi tashin da ba a taɓa gani ba. Na je saye, ya jawo ni cikin rumfa ya nuna mini wani zobe yana ƙyalli, irin wanda mahajjata ke dawowa da shi, wanda rabin matan gari ke sanye da shi. Ya ce tagulla ce ya yi wa wanka.

“Kai dai wahala kake so,” in ji shi. “Zinariya na shigowa hannunka kullum kana maida ta. Guda ka daka, guda ka sa cikin albasa, na ukku shi kwana aljihunka. Mi ya sake cikin wasan? Dariyar ma ita ce.”

Na ce masa Allah ya kiyaye. Amma na tafi da zoben, wai in duba aikin. Ba a daɗe ba na gwada shi a fage. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne sauƙinsa. Ban koyi komai sabo ba. Duk abin da na buƙata Baba ya riga ya koya mini: jiran dariya, kallon inda nake so a kalla. Na tambayi mai zobe, “Naki ne?” ta ce nata ne, aka yi tafi. Daga ranar ban ƙara tsayawa ba. Na sayi babur, na kama ɗaki, na sayi shadda. Na kai wa Inna turmin atamfa, ta juya shi ta ce, “Dabon ne ka kawo wanga?” Na ce siyasa ce. Ba ta ɗinka ba.

A Jiratawa akwai wata dattijuwa mai sayar da albasa, Hajiya Rabi, wadda tun ina ɗaukar jaka take ba mu albasar wasa kyauta. Ranar da na nemi aro, ita ta fara miƙo hannu, tana cewa, “Ɗan Arzika ne, ku bar ni in ba shi.” Na ga zoben, na ga irin jabun da ke aljihuna ne. Zuciyata ta ce kar ka yi, hannuna ya riga ya gama. Da albasarta na cuce ta. Bayan wani lokaci maigidanta ya kwanta ciwo, ta kai zoben kasuwa don ta sayi magani. Aka goga a dutse aka ce mata tagulla ce.

Labari ya bazu, kowa ya duba yatsarsa. Masu irin wannan kuka suka yi ta fitowa daga Maraɗi da ƙauyuka. Ni na ɓuya, amma Baba kowa ya san gidansa. Jandarma suka ɗauke shi, suka zazzage jakarsa, suka tarar da zobban tagulla da yake dakawa. Da ƙyar dattawan Tsibiri suka karɓo shi. An gaya mini da aka tambaye shi ko ya san ni, cewa ya yi, “Yarona ne. Ni na koya mishi.” 

Ranar kasuwar Tsibiri na naɗe fuska da rawani na je, wai in ga ko zan iya yi masa magana. Na tarar ya buɗe fage, shi ke kaɗa wa kansa ganga. Ya yi na ƙoƙuna, ya yi na ƙwai, mutane na kallo ba dariya. Sannan ya ɗaga murya kamar kullum: “Wa za shi ara mini zobe?” Na ga maza na sa hannu a aljihu, mata na janye hannu cikin gyale. Ya sake tambaya, ya ce ko hula ce. Wani daga baya ya ce, “Tsoho, mu ma muna son abinmu.” Baba ya tsaya da hannu a miƙe har ya gaji, sannan ya durƙusa ya tattara kayansa. Ina tsaye ina gani. Da na cire rawanin na ce ni ne, da na wanke shi a gaban kowa. Tsoro ya hana ni, na juya na hau babur. Wannan ne wasansa na ƙarshe, kuma ni na kashe shi.

Ba a daɗe ba aka kama Ɗan Baƙo, shi kuma ya nuna ɗakina. A gaban alƙali ban yi musu ba. Hajiya Rabi ta zo shaida, maigidanta ya riga ya rasu. Ba ta zage ni ba, ta dai ce, “Ni da na ba ka fura da hannuna.” Da dukan da na sha a kwamisariyar 'yan sanda da wannan magana, maganar ta fi zafi.

Gidan kaso ba sai na ba ku labari da yawa ba: zafi, ƙwarƙwata, tuwon da ba miya, da mutum a kan mutum. 'Yan ɗakinmu da suka ji ni ɗan dabo ne suka yi ta roƙo in yi musu wasa. Na gwada sau ɗaya da ƙwallon dabino, aka yi dariya, sai wani ya ce a raha kowa ya duba aljihunsa. Daga nan na bari. Inna na aiko da ƙosai amma ba ta taɓa zuwa ba. Baba kuwa ko saƙo. A can na koma salla da gaske, a can kuma na gane ba zobba kaɗai na sata ba. Na sace wa tsoho abin da ya shekara arba'in yana ginawa.

Da na cika shekaruna aka sake ni, ban nufi gida ba, Tsibiri na nufa da ƙafa. Na same shi a gindin bedin nan, ya rame, idonsa ya yi hazo, hannuwan da suka ruɗi kasuwanni suna karkarwa. Na faɗi gabansa ina kuka ina neman gafara. Ya laluba kaina, ya shafa, ya ce, “Ka ci abinci?” Sannan ya sa aka ɗauko masa babbar rigarsa da jar hula. Ya ce, “Tashi, akwai sauran aiki. Ganga ba ta yi shiru ba.”

Muka shiga mota zuwa Maraɗi, yana riƙe da wuyan hannuna kamar zan gudu. A ƙofar gidanmu ya yi sallama. Inna ta fito, ta tsufa, ta tsaya riƙe da ƙyaure. Maƙwabta suka fara leƙowa. Baba ya kama hannuna ya sa a nata.

“Uwar yaro, ga aronki,” in ji shi. “Tun da nike, duk abin da na ara na maida shi yadda anka ba ni. Wanga ɗai na kasa. Kin ba ni zinariya, ban san inda ta sake a hannuna ba. Ki gahwarce ni.”

Shi da na tozarta, shi ke neman gafara a kaina. Inna ta rushe da kuka tana cewa, “Baba, ba kai ba ne, wallahi ba kai ba ne.” Ya ce, “Ki dai duba. Naki ne?” Ta dube ni ta daɗe, irin kallon da ta yi mini ranar da ta bayar da ni. Ta ce, “Nawa ne.” Sai Baba ya buɗe tafukansa biyu, ya juya ya nuna wa maƙwabta kamar yadda ya saba. Na jira in ji sauran maganar. Bai ce wasa ne ba. Bai kai damina ba Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu kabu-kabu nake yi da babur. Na je Jiratawa na durƙusa wa Hajiya Rabi, ta ce ta yafe don Allah, amma ba ta ƙara kirana ɗan Arzika ba, kuma ba ni da bakin roƙon hakan. Wasu da na cuta ban ma san inda suke ba, kullum ina nema musu alheri a salla. Hannuna har yau ya iya, wani lokaci nakan ciro wa ƙaramar 'yata goro daga kunne. Fage dai na bar shi har abada.

To, ku masu sha'awar wannan sana'a, ku koye ta, sana'a ce mai daɗi kuma ba haram a sa mutane dariya. Ku sa rana a bayanku, ku gwada a gaban yara, ku jira dariya, ku girmama wanda ya shigo fagenku. Amma ku sani, hannun da ya iya wasa ya riga ya iya sata, ba abin da za a ƙara masa. Ni ban faɗa rami rana ɗaya ba, da ɗan canjin da aka manta na fara. Kuma sunan da kuke wasa da shi ba naku ne ku kaɗai ba, akwai wanda ya tsaya muku. In kun gama, ku buɗe hannu ku ce wasa ne. Kafin ku sauke ganga, ku tabbata zoben da ke cikin albasar na mai shi ne.